Takardun Carlos Fuentes da ke Princeton: me ke ciki, kuma za su faɗi abin da ya yi yana jakada?

Wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a fannin tarihi ta rubuto tana cewa ta ji labarin takardun Carlos Fuentes, marubucin ƙagaggun labarai ɗan ƙasar Meksiko wanda ya taɓa riƙe muƙamin jakada, suna ajiye a wata jami'a a Amurka. Tana son sanin me ake samu a irin wannan taska, me ya hana a ajiye su a ƙasarsa, sannan ko mai bincike zai iya dogara da su don gano abin da mutumin ya aikata a kujerar jakadanci.

Malama, abin da kika ji haka yake. Takardun suna sashen adana rubuce-rubuce na musamman a ɗakin karatu na Firestone, Jami'ar Princeton, jihar New Jersey. Jami'ar ta saye su daga hannunsa a 1995, yana raye da lafiyarsa, shekara 17 kafin rasuwarsa. Ki riƙe wannan magana ta cewa da ransa ya sayar, don a kanta amsar tambayarki ta ƙarshe ta rataya.

An haifi Fuentes ranar 11 ga Nuwamba 1928 a birnin Panama, inda mahaifinsa ke aikin jakadancin Meksiko, ya kuma yi ƙuruciyarsa yana bin uban daga wannan babban birni zuwa wancan: Washington, Santiyago ta Chile, Buenos Aires. Ya karanta shari'a a babbar jami'ar Meksiko, ya ƙaro ilimi a Geneva, ya yi aiki a ma'aikatar harkokin waje tun yana saurayi. Littafin da ya fito da sunansa shi ne La región más transparente na 1958, sai Aura da La muerte de Artemio Cruz duka a 1962, da ƙaton littafin nan Terra Nostra a 1975. Ya samu lambar Cervantes a 1987, wadda ita ce mafi girma ga mai rubutu da Sifaniyanci. Ya rasu ranar 15 ga Mayu 2012 a birnin Meksiko, aka kai tokarsa maƙabartar Montparnasse a Paris, inda 'ya'yansa biyu da suka riga shi suke.

Abin da ke Princeton akwatuna ne fiye da ɗari. Akwai littattafan rubutu na hannu, da daftarin labaransa hawa-hawa, da wasannin kwaikwayo, da rubutun fina-finai (ya yi aikin fim tare da Gabriel García Márquez, marubucin Kolombiya, a shekarun 1960, kafin duniya ta san García Márquez ɗin), da jawabai, da hirarraki, da hotuna, da kaset-kaset, da yankakkun jaridu, har da zane-zanen da ya yi yana yaro. Mai nazarin adabi daftarin ne zai fi jan hankalinsa. Fuentes da yatsa ɗaya yake buga tafireta, har yatsan ya tanƙware saboda shekaru da aiki. Daftarin marubucin wancan zamani yana nuna abin da littafin da aka buga ba zai taɓa nunawa ba: layin da aka soke, kalmar da aka ɗora a samansa da biro, sakin layin da aka yi wa kibiya aka mayar wani shafi, sunan wani mutumin cikin labarin da aka canja a tsakiyar aiki. Ɗauki Artemio Cruz, wanda aka gina shi da murya uku masu karɓa-karɓa, ta "ni" da ta "kai" da ta "shi", kuma ranakun rayuwar mutumin ba a jere suke zuwa ba. Wanda ke son ya san yadda aka ƙulla irin wannan gini, daftari ne kaɗai zai nuna masa matakan. Kwamfuta ta kashe wannan shaida ga marubutan yanzu, don gyara yana shafe abin da ya gabace shi.

Amma abin da ya fi kai masu bincike Princeton shi ne wasiƙu. A nan akwai wata ƙa'ida da ɗalibai ke yawan mantawa. Taskar mutum tana ɗauke ne da wasiƙun da aka aiko masa. Waɗanda shi ya rubuta suna gidajen waɗanda ya aika wa, sai fa in ya kasance mai sa takardar kabon a tafireta yana ajiye kwafi. Fuentes ɗan gidan jakada ne, ya tashi ya ga ana buɗe fayil ga kowace magana, kuma ya ɗauki wannan ɗabi'a: yana adana abin da aka aiko masa, yana ajiye kwafin da yawa daga cikin nasa. García Márquez akasin haka yake. A wata hira da aka buga a 1982 ya ce ya daina rubuta wasiƙa gaba ɗaya tun da ya gano wani ya sayar da wasiƙunsa ga wata jami'ar Amurka, shi kansa kuma ba mai tara takarda ba ne. Shi ya sa wasiƙun da ya aika wa Mario Vargas Llosa suna nan a Princeton cikin takardun Vargas Llosa, amsoshin kuwa akasari babu su. Mai karatu yana jin murya ɗaya, ɗayar sai dai ya kintata.

A 2023 aka buga littafin Las cartas del Boom, wasiƙu 207 tsakanin marubuta huɗun da suka ɗaga adabin Latin Amurka a idon duniya: Julio Cortázar na Ajantina, Fuentes, García Márquez na Kolombiya da Vargas Llosa na Peru. Kaso mai yawa daga Princeton aka kwafo. Ta farko ta 1955 ce, Fuentes yana roƙon Cortázar ya aiko da rubutu ga mujallar adabin da suka kafa da Emmanuel Carballo. Wanda ya karanta tarin zai ga cewa waccan bunƙasa da ake kira Boom ba daga sama ta faɗo ba. Fuentes ne dillalinta. Shi ke haɗa wannan da mai fassara, ya haɗa wancan da maɗaba'a, ya yi wa ɗayan sharhi a jarida. A 1966 García Márquez ya aika masa babobin farko na Cien años de soledad, shi kuwa ya yaba su a bainar jama'a tun littafin bai fito ba.

Ga misalin abin da wasiƙa ke adanawa wanda kanti ba shi da shi. A 1967 Fuentes da Vargas Llosa suka ƙulla shawarar a yi littafi guda na haɗin gwiwa, kowane marubuci ya ɗauki wani mai mulkin kama-karya na ƙasarsa ya rubuta labari a kansa. Aka raba aiki ta wasiƙa: Augusto Roa Bastos zai ɗauki Dakta Francia na Paraguay, Alejo Carpentier zai ɗauki Machado na Kyuba, da sauransu. Littafin bai taɓa fitowa ba. Amma a 1974 Roa Bastos ya fitar da Yo el Supremo a kan Francia ɗin, Carpentier ya fitar da nasa littafin a kan wani mai kama-karya a shekarar, García Márquez ya biyo baya a 1975. Ba zan ce shawarar 1967 ce ta haifi waɗannan littattafai ba, don kowannensu da ma yana ɗauke da nasa cikin. Abin da wasiƙun ke nunawa shi ne maganar tana yawo a tsakaninsu shekaru kafin masu karatu su ga komai.

Da Fuentes zai sayar, sai ya gindaya sharaɗi: a rufe wani sashe na wasiƙun, kada a buɗe sai bayan rasuwarsa da shekara biyu. A watan Mayun 2014 aka buɗe. A ciki akwai wasiƙun García Márquez, Cortázar, José Donoso, Guillermo Cabrera Infante, Norman Mailer, Philip Roth, da 'yar fim Jean Seberg, wadda soyayyarsu ta zama ƙashin bayan wani littafinsa na 1994. Amma waɗanda 'yan jaridar Meksiko suka fi ɗokin gani na Octavio Paz ne, shahararren mawaƙi kuma marubucin ƙasarsu. Paz da Fuentes sun haɗu a Paris a 1950, suka yi abota ta kusan shekara 40. A 1988 mujallar Paz, Vuelta, ta buga wata maƙala ta Enrique Krauze da ta yi wa Fuentes kaca-kaca, a rubutunsa da siyasarsa da halinsa. Daga nan zumunci ya yanke, har Paz ya rasu a 1998 ba su shirya ba. Masu jiran tonon silili ba su samu abin da suke so ba. Abin da aka samu mutum biyu ne masu kaifin basira suna tattauna littattafai da shirin kafa mujalla da halin da ƙasarsu ke ciki, ɓarakar kuma tana buɗewa a hankali tun kafin 1988. Malva Flores ta yi amfani da su a littafinta na 2020 kan wannan abota, kuma shi zan ce ki fara nema in kina jin Sifaniyanci.

Batun me ya sa Amurka, amsarsa ba ta da tsawo. Kuɗi, da kulawa, da maƙwabta. Jami'o'in Amurka suna biya, marubuci kuma yana da iyali. Takarda tana son ɗaki mai sanyin da ba ya hawa da sauka, da busasshiyar iska, da kwalin da babu sinadarin da ke cin takarda. Kwafin kabon siriri ne, rubutun takardar faks yana dushewa cikin 'yan shekaru, kaset yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba. Gobarar da ta tashi a gidan Paz a ƙarshen 1996 ta cinye wani sashe na littattafansa, kuma duk marubucin ƙasar ya ji labarin. Sannan Princeton ta riga ta tara takardun Vargas Llosa, Donoso, Cabrera Infante, Elena Garro, Reinaldo Arenas, Sergio Pitol (shi ma marubuci ne kuma jakadan Meksiko) da ma fayilolin mujallar Vuelta, ta yadda mai bincike zai karanta wasiƙa a wannan akwati ya nemi amsarta a wancan ba tare da ya tashi daga kujera ba. Fuentes kansa ya zauna a garin Princeton a wajajen 1980. Duk da haka ƙorafin 'yan Latin Amurka yana da tushe. Lokacin da cibiyar Harry Ransom ta Jami'ar Texas ta sayi takardun García Márquez a 2014 kan dala miliyan 2.2, an yi ta surutu a Kolombiya. Ɗalibin da ke Meksiko sai ya nemi biza da kuɗin jirgi kafin ya ga takardun marubucin garinsu. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu: littattafan Malam Umaru Falke na Kano, na Larabci da ajami, suna Jami'ar Northwestern, takardun Chinua Achebe da Wole Soyinka kuma suna Harvard. A ganina laifin bai kai ga marubucin da ya sayar ba kamar yadda ya kai ga gwamnatocin da ba su yi tayi ba. Sifaniya da ta so, ta biya Yuro miliyan 3 a 2010 ta riƙe taskar Carmen Balcells, wakiliyar yawancin waɗannan marubuta, a gida.

Yanzu tambayarki ta uku, wadda ita ce mai nauyi. A taƙaice: a'a, ba za ki dogara da Princeton kaɗai ba, kuma dalilai biyu ne.

Na farko na doka ne da tsarin aiki. Rahoton da jakada ya aika gida, da umarnin da aka ba shi, da saƙonnin sirri, duk kayan gwamnati ne. Ba ya tafiya da su gida in ya sauka. Na Meksiko suna taskar tarihi ta ma'aikatar harkokin waje mai suna Genaro Estrada. Abin da jakada ke kwashewa shi ne wasiƙun kansa, jawabansa, katunan gayyata, hotuna, da kwafin abin da ya ga dama. Faransa kuma tana da nata fayil kan yadda ta ga baƙon nata.

Na biyu ya fi zurfi. Labarin jakadancin Fuentes da kowa ya sani labari ne mai tsabta. Shugaba Luis Echeverría ya naɗa shi jakada a Faransa a 1975. A watan Maris 1977 Meksiko ta maido da hulɗa da Sifaniya, bayan kusan shekara 40 tana ƙin amincewa da gwamnatin Janar Franco, mai mulkin kama-karya na Sifaniya, sai sabon shugaba José López Portillo ya naɗa tsohon shugaban ƙasa Gustavo Díaz Ordaz jakada na farko a Madrid. Díaz Ordaz ne ke mulki ranar 2 ga Oktoba 1968, lokacin da sojoji suka buɗe wa ɗalibai wuta a dandalin Tlatelolco, kwana 10 kafin buɗe gasar Olamfik. Fuentes ya ce ba zai yi aiki ɗaya da wannan mutum ba, ya yi murabus a watan Afrilu. Abin a yaba ne, kuma ya yi kama da abin da Paz ya yi a 1968, da ya bar kujerar jakada a Indiya saboda kisan.

To amma wa ya naɗa shi tun farko? Echeverría shi ne ministan cikin gida a ranar Tlatelolco. Yana shugaban ƙasa kuma aka sake kashe ɗalibai a titin birnin Meksiko ranar 10 ga Yuni 1971. Fuentes yana cikin masu ilimin da suka mara masa baya, bisa hujjar cewa in ba a tallafi mai alƙawarin sassauci ba, masu tsattsauran ra'ayi ne za su karɓe. A watan Yulin 1976, yana jakada a Paris, aka tumɓuke Julio Scherer daga shugabancin jaridar Excélsior da hannun gwamnati a ciki. Paz da abokansa suka fice daga mujallar Plural da jaridar ke bugawa, suka kafa Vuelta. Fuentes bai sauka a lokacin ba. Wannan ne masu sukarsa suka riƙe, kuma shi ne ainihin abin da mai binciken tarihi zai tona: me ya sani, me ya rubuta wa gwamnati, me ya rubuta wa abokai a makon, kuma shin bakin biyu sun zo ɗaya? Ana kuma yaba masa cewa ya buɗe ƙofar ofishin ga 'yan gudun hijirar siyasa na Kudancin Amurka a shekarun da sojoji ke mulki a Chile da Ajantina. Wannan ma abin a auna ne da takardar ofis, wa aka ba takardar shiga, yaushe, da sa hannun wa.

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Taskar da mutum ya tattara da hannunsa, ya sayar yana raye, ya zaɓi abin da za a rufe da ranar da za a buɗe, waƙarsa ce a bakinsa. Ba ina nufin ya yi ƙarya ko ya ƙona wani abu ba. Ina nufin duk wanda ya kai matsayin Fuentes ya san tun yana ɗan shekara 35 cewa wata rana baƙo zai karanta wasiƙunsa, kuma wannan sani yana shiga cikin alƙalami. Ma'aikatan taska suna da ƙa'idar barin takardu a jerin da mai su ya bar su, ba a cakuɗa su da na wani, saboda jerin kansa shaida ne. Idan kika tarar fayil ɗin wani aboki ya yi kauri na shekara goma sannan ya tsaya cak, tsayawar magana ce. Amma ba ta gaya miki ko faɗa aka yi, ko wayar tarho ce ta yi araha, ko biyun sun koma gari ɗaya. A nan masu gaggawa ke faɗawa rami.

Maganin shi ne a nemo waɗanda suka rubuta a kansa ba da saninsa ba. Hukumar FBI ta Amurka ta buɗe masa fayil, wanda aka saki a 2013, shafi 170 ko kusa da haka. An hana shi biza a 1962 lokacin da aka gayyace shi muhawara a talabijin kan manufar Amurka a yankin, a 1969 kuma aka hana shi sauka daga jirgin ruwa a San Juan ta Puerto Rico. A can ɗan gurguzu suke ganinsa. A Havana ta Kyuba kuwa, tun daga 1966 marubutan gwamnati suke zarginsa da kusanci da Amurka, kuma ya sa hannu a takardar ƙorafi kan tsare mawaƙi Heberto Padilla a 1971. Masu tace littattafai na Franco sun hana buga Cambio de piel a Sifaniya a 1967, duk da cewa a Barcelona aka ba littafin lambar yabo. Rahotannin masu tacewar suna taskar gwamnati a Alcalá de Henares. Fayilolin tsohuwar hukumar leƙen asirin cikin gida ta Meksiko kuma suna babbar taskar ƙasa da ke tsohon kurkukun Lecumberri. Waɗannan ma ba tsarkakakku ba ne. Ɗan leƙen asiri yana rubuta jita-jita don ya cika shafi, yana kuskuren suna, yana faɗa wa maigidansa abin da yake son ji. Amfaninsu shi ne son zuciyarsu daban yake da na mai taskar, don haka inda suka haɗu da shi a kan magana ɗaya, kin samu ƙasa mai tauri.

Kada kuma ki ɗauka duk marubuci yana tace kayansa. José Donoso ya miƙa littattafan sirrinsa ga jami'o'in Iowa da Princeton kusan yadda suke. Bayan rasuwarsa 'yarsa Pilar ta karanta su, ta tarar da maganganu masu ciwo a kanta da mahaifiyarta, ta rubuta littafi a kai a 2009. Wa'adin rufewa irin wanda Fuentes ya sa ba kullum ɓoye laifi ba ne. Sau da yawa kare waɗanda ke raye ne, waɗanda ba su sayar da komai ba amma sunansu na ciki.

In kina son ki fara aiki daga inda kike, jagorar taskar tana intanet kyauta, lambarta C0790, kuma ta jera akwati-akwati da fayil-fayil, da sunayen masu wasiƙa da shekaru. Karanta ta kaɗai zai ba ki taswirar mutanen da ya yi hulɗa da su tsakanin 1975 da 1977. Ɗakin karatun a buɗe yake ga wanda ba ɗan jami'ar ba in ya yi rajista da katin shaida, ana iya neman a ɗauko hoton wasu shafuka a aiko, akwai kuma tallafin tafiya da ake nema duk shekara. Sai dai ki lura da bambancin mallakar takarda da mallakar maganar da ke kanta. Princeton ta mallaki takardar. Haƙƙin bugawa yana hannun magadan wanda ya rubuta: na Fuentes wajen iyalinsa, wasiƙar Paz kuwa wajen masu kula da gadon Paz, wanda ya shiga sarƙaƙiya bayan matarsa ta rasu a 2018 ba ta bar wasiyya ba. Dokar Meksiko tana kare haƙƙin marubuci har shekara 100 bayan mutuwarsa. Kina iya karantawa, ki ɗauki bayani, ki faɗi abin da wasiƙa ta ƙunsa da kalmominki, amma kafin ki buga ta sukutum a kundinki sai kin rubuta wa masu haƙƙin, kuma gara ki aika wannan takarda tun a zangon farko, don amsarsu kan ɗauki watanni.